Yawon Sallah Da Badalar Kano

Duk hutun Sallah samarin Kano sukan yi cincirindo a gidan zu, kuɗi su ƙare, a koma gida ba a ƙaru da komai ba. Alhali wanda ya taka da ƙafa daga Dutsen Dala, ya ratsa Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Rumfa, ya ɓulla marinar Ƙofar Mata, zai ga tarihinsa kyauta.

Zai kuma ga abin takaici. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda Turawa suka tarar a tsaye a 1903, yau ana yankar ta ana gina shaguna. Wanda bai san abu ba, ba ya kishinsa. Wajibi ne matasa su taka su gani, kafin ta zama labari.