Sharhi: A Ina Kayan Agaji Ke Zurarewa Kafin Su Iso Darki?

Jama'ar ƙaramar hukumar Wudil ba baƙi ba ne ga ambaliyar ruwa. Dattawa ba su manta da daminar 2001 ba, lokacin da ruwan madatsun Tiga da Challawa ya malale gonaki da gidaje a Kano da Jigawa. A 2022 kuwa ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya. Duk sanda haka ta auku, hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha sukan fitar da hatsi da kwanon rufi da tabarmi. Tambayar ita ce, nawa ne ke kaiwa hannun wanda ɗakinsa ya rushe?

Akasarin mutane sun fi zargin ɗakin ajiya da motar dako. A namu ganin, ɓarnar ta fi faruwa tun a wajen rubuta sunaye. Idan aka tsara jerin waɗanda abin ya shafa a ɓoye, sai sunan ɗan jam'iyya da na suruki su shige, na gwauruwa mai marayu ya faɗi. Daga nan ko an raba kaya a bainar jama'a, an riga an yi zaluncin a takarda. Ba zato muke yi ba. A 2020 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa ta Jihar Kano ta kama shugaban wata ƙaramar hukuma bisa zargin karkatar da tallafin korona.

A bisa wannan dalili, ya zama wajibi a gari irin Darki mai unguwa da dagaci da kansila su zaga gida-gida tare da ma'aikatan agaji, a karanta sunayen a ƙofar dagaci, a kuma liƙa su kwana biyu ko uku kafin rabo, domin mai ƙorafi ya samu damar magana. Haka nan a faɗi adadin buhunan da aka sauke, a ƙirga su a gaban liman.

Nan ne ƙungiyoyin ci gaban gari da na manoma da na mata suke da aiki, amma da sharaɗi: wanda ya zo sa ido kada ya koma gida da buhu a ka, domin baki in ya ci, ido kan ji kunya. Doka ma tana bayansu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon neman takardun hukuma, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta shafi jihohi.

Wanda ya ga an karkatar da kaya, ya rubuta rana da wuri da lambar mota, ya samu shaidu biyu, ya kai wa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe a Kano.