Libarbar da ke Cikin Adaka

Jama'ar Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, ga magana a kan tsohuwar libarba, watau ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi shida da hafsoshin Turawa su ke ratayawa a ƙugu sa'ad da suka ci Kano a 1903, da Haɗeja a 1906. Wadda sojan Ingila suka riƙa tun 1887 sunanta Webley, a Birmingham a ke ƙera ta. Kadan wani ya gaji irinta cikin adakar kakansa, lalle ya gaji abin tarihi, amma yana iya ɓata shi da hannunsa cikin yini guda.

Ga yadda ɓarnar ta ke. Mutum ya ga tsatsa, sai ya samo yashi da toka ya dirje ƙarfen har ya yi fari fat, yana tsammani ya gyara. Ashe ya kankare shaidarta. Masana wannan sha'ani ba ƙyalli su ke dubawa ba. Lamba su ke nema, su ga ko ta jikin bindigar ta yi daidai da ta gidan harsashi, domin in sun saɓa, to, haɗe-haɗe ce. Sa'an nan su nemi tambarin gwaji, da wata 'yar alama mai kama da sawun kaza, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Su ɗaga kunama su ji ko gidan harsashi ya tsaya cik ko yana girgiɗi. Baƙin da shekaru suka shafa mata kuwa, su a wurinsu ado ne. Tsumma da ɗigon man keken ɗinki sun ishe ta. Batun gwada harbi kam, a bar shi, ƙarfen da ya ga damina ɗari ba shi da amana.

Saura dillali mai zaƙin baki. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙon libarba ba da lasin ba, ta 1979 kuma ta hana fid da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izni ba. Abin da ya kamata shi ne magaji ya shaida wa mai unguwa, a kai magana fadar Sarkin Dutse, hukuma ta san da ita, a ajiye ta gidan tarihi kamar yadda a ke ajiye makaman da a Gidan Makama na Kano. A rubuta sunan mai ita da inda ya samo ta tun tsofaffin gidan suna da rai.