Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Jami'ar Aliero Kan Wasannin Dabara da Ra'ayin 'Yan Kallo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Abdullahi Fodiyo da ke Aliero, da majalisar malaman jami'ar, da masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama.



Wannan wasiƙa ta zo da shawara a kan wani al'amari da manya da yawa suke ɗauka shiriritar yara ce, alhali ya daɗe da zama sana'ar da take ɗaukar masana lissafi da zane da sarrafa kwamfuta aiki a ƙasashe da dama, wato ƙera wasannin kwamfuta da na waya, waɗanda matasa ke kira gem. Abin da wasiƙar ta fi mayar da hankali a kai ɓangare ɗaya ne na sana'ar, shi ne yadda masu ƙera wasa suke nuna shi kai tsaye ta intanet kafin ya fito kasuwa, da yadda suke karɓar ra'ayin masu kallo, domin a nan ne ake koyon abin da ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya fi buƙata bayan iya rubuta manhaja, wato bambance ƙorafin da ke da tushe da hayaniyar da ba ta da shi.

Wasan dabara shi ne wanda nasara a cikinsa ta dogara ga tsari da hangen abin da abokin karawa zai yi fiye da saurin yatsa, kuma yana da nau'o'i daban-daban: akwai na bi da bi, inda kowane ɓangare yake jiran lokacinsa kafin ya motsa mayaƙansa, kamar Fire Emblem da XCOM, akwai kuma na ƙungiya, inda mutum biyar suke fuskantar biyar kowa da aikinsa, kamar Counter-Strike da Valorant. Nuni kai tsaye kuwa shi ne kamfani ya buɗe tasharsa a YouTube ko Twitch, ma'aikatansa su buga wasan a gaban jama'a suna bayani, masu kallo kuma suna rubuta abin da ke ransu a gefen allo a daidai wannan lokaci. Talla ce a asali, amma ta zama gwaji, saboda abin da dubban mutane suka rubuta cikin awa ɗaya yana iya sa a ɗaga ranar fitowar wasa da shekara guda.

Hakan ya faru da Halo Infinite. A watan Yuli na 2020 kamfanin Microsoft ya nuna wasan kai tsaye, masu kallo suka yi ca a kan rashin kyan hotunansa, cikin watan Agusta aka sanar da ɗaga shi tare da ambaton matsalolin aiki da annobar korona, bai fito ba sai Disamba 2021. Wannan misali ne na ƙorafin da ya faɗa kan gaskiya, domin abin da aka soka abu ne da ido ke gani, kuma kowa na iya tabbatar da shi. Sai dai ba kowane taro ne shaida ba. A watan Afrilu na 2020 kamfanin Riot Games ya buɗe gwajin Valorant, ya ɗora samun izinin shiga gwajin a kan kallon masu buga wasan a Twitch, har yawan masu kallo a lokaci ɗaya ya haura miliyan 1.7. Da yawa daga cikinsu sun kunna tashar ne suka bar ta tana yi domin su sami izinin, wasu masu tasha kuma suka riƙa maimaita tsohon bidiyo dare da rana kamar sabo, har Twitch ta hana. Ɗalibin da aka koya wa karanta alƙaluma zai gane cewa wannan adadi ya auna kwaɗayin izinin shiga ne, bai auna ingancin wasan ba, kuma wannan ganewa darasi ne na ilimin ƙididdiga tsantsa, irin wanda jami'ar kimiyya ta fi kowa cancantar koyarwa.

Misalin da ya fi shafar Jega da Maiyama shi ne na Cyberpunk 2077, ko da yake ba wasan dabara ba ne. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya yi jerin shirye-shiryen talla kafin fitowar wasan a Disamba 2020, ana nuna shi a kan na'urori masu ƙarfi, masu kallo suna ta yabo, amma da ya isa hannun masu tsohuwar PlayStation 4 sai ya riƙa sarƙewa yana mutuwa, har kamfanin Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai Yuni 2021. Masu yabon ba ƙarya suka yi ba, abin da aka nuna musu suka yaba. Waɗanda matsalar za ta faɗa wa ne ba a gwada na'urarsu a gaban kowa ba. Matashin da ke riƙe da Tecno ko itel ko Infinix mai ƙaramar ƙwaƙwalwa a kasuwar Jega yana cikin wannan rukuni kusan a kowane lokaci, domin wasan da ya gani yana tafiya sumul a bidiyo shi ne yake ɗumama masa waya ya cinye cajin da ya biya kuɗi aka yi masa.

Wannan matashi ba ya cikin masu rubutu a gefen allo, kuma dalilan a bayyane suke. Kallon bidiyo kai tsaye na awa ɗaya yana cin data mai yawa, ga shi a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Shirye-shiryen yawanci da Turanci ake yi, kuma lokacinsu an tsara shi ne don jama'ar Amurka da Turai. Akwai kuma jinkirin saƙo, wato tsawon lokacin da umurnin ɗan wasa yake ɗauka daga wayarsa zuwa babbar na'urar kamfani ya dawo, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan na'urar tana wata nahiya, sabis kuma yana rawa, to ɗan wasan Maiyama ya sha kaye tun kafin dabararsa ta isa fili, kuma ba wanda zai faɗi haka a madadinsa a wurin nunin. Wannan giɓi abin takaici ne, amma a cikinsa akwai aiki ga jami'ar da aka kafa a 2006 a tsakiyar waɗannan garuruwa, domin abin da manyan kamfanoni ba su sani ba game da mai ƙaramar waya da sabis mai yankewa, ɗalibin Aliero yana rayuwa a cikinsa kullum.

Shawara ta farko ita ce sashen kimiyyar kwamfuta ya ɗauki ƙera ƙaramin wasan dabara a matsayin aikin kammala karatu da ya halatta, ya kuma fara da abin da ke ƙasa, wato dara. Darar gurbi talatin, biyar a shida, wadda kowane ɗan wasa yake riƙe da 'ya'ya goma sha biyu, sananniya ce a ƙasar Hausa da Zabarma da kuma wurin Dakarkari na ƙasar Zuru, kuma tsarinta ya cika duk sharuɗɗan wasan dabara na bi da bi: ana fara da dasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga motsa su gurbi guda guda, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Rubuta manhajar da za ta buga dara da mutum yana buƙatar binciken zaɓuɓɓuka, wato kwamfuta ta lissafa motsi da martaninsa zuwa matakai da yawa kafin ta zaɓi ɗaya, wanda yana cikin tushen ilimin ƙirƙirarriyar basira. Wasan ba ya buƙatar hotuna masu nauyi, yana iya tafiya ba tare da intanet ba, kuma mafi muhimmanci, alƙalansa suna nan kusa. Dattijon da ya shekara arba'in yana dara a gindin bishiya zai gane kuskuren ƙa'ida cikin minti biyu, zai kuma faɗi inda ƙa'idar garinsa ta saɓa da ta wani gari, abin da babu littafin da zai ba ɗalibi. Ƙera wasa a Afirka ba mafarki ba ne: kamfanin Maliyo Games yana aiki a Legas tun 2012, Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 kuma ya sa ƙera wasanni cikin fannonin da yake horarwa.

Shawara ta biyu, wadda ita ce zuciyar wasiƙar, ta shafi yadda za a nuna aikin da yadda za a saurari jama'a. Ya kamata ɗalibai su nuna wasansu kai tsaye da Hausa a Facebook ko TikTok, inda matasan yankin suka fi taruwa, amma da sharaɗin cewa a kan ƙaramar waya irin ta gama-gari za a buga shi, a faɗi sunan wayar a fili, kuma kada a haɗa bidiyon abin da ba a gama ba a nuna shi kamar an gama. Bayan nunin, a tattara duk abin da aka rubuta a rarrabe shi, domin ra'ayin ɗan kallo iri-iri ne. Wanda ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta ba ya karantuwa, ko wasan ya mutu a wayarsa, ya ba da rahoton abin da ya same shi, kuma wannan kusan kullum gaskiya ne. Wanda ya ce a ƙara wa kwamfuta ƙarfi ko a cire wata ƙa'ida ya ba da magani ne, kuma maganin ɗan kallo sau da yawa ba ya dacewa ko da ciwon da ya ji na gaske ne, don haka aikin mai ƙera wasa shi ne ya bi diddigin abin da ya sa mutumin ya faɗi haka. Wanda ya yi zagi ko yabo tsagwaro bai ba da komai ba, sai dai a ƙidaya shi a wuce. Malami ya ba da maki a kan wannan rarrabewa kamar yadda yake bayarwa a kan manhajar kanta, ɗalibi kuma ya dawo gaban jama'a bayan wasu makonni ya bayyana abin da ya gyara da abin da ya ƙi gyarawa da dalilinsa.

Wannan komawa gaban jama'a ita ce ta bambanta kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam da wasu. Ya saki ɓangaren farko na Baldur's Gate 3, wanda faɗansa na bi da bi ne, a Oktoba 2020, ya shafe kusan shekara uku yana karɓar rahoton masu bugawa yana gyara yana nuna gyaran kai tsaye, kafin cikakken wasan ya fito a Agusta 2023 ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara. Abin da ke cikin wasan bai dace da tarbiyyar yaran wannan yanki ba, kuma ba shi ake yabawa a nan ba. Hanyar aikin ce abin koyi, musamman yadda kamfanin ya haɗa abin da mutane suka faɗa da abin da suka aikata a cikin wasan. Kamfanin Firaxis ma ya yi nune-nune kai tsaye kafin fitowar Civilization VII a Fabrairu 2025, amma da wasan ya fito sai ƙorafi ya yi yawa a kan tsarin allonsa da wahalar samun bayanai a cikinsa, kamfanin ya shiga gyara bayan an riga an sayar. Kallon gwani yana bugawa ba ya tona irin wannan matsala, sai an miƙa wa baƙo na'urar an yi shiru ana kallon inda zai rikice.

A nan ne ƙananan hukumomin uku suke da rawar takawa, kuma ba mai tsada ba ce. Tun da akasarin waɗanda ake so a ji ba za su iya kallon nunin a wayoyinsu ba, to a kai musu shi: zauren taro a Jega ranar da jama'a suka fi shigowa gari, ɗakin karatu na wata makarantar sakandare a Maiyama, majigi ɗaya da sola da 'yan wayoyi da za a riƙa miƙa wa mutane su gwada, ɗalibai suna zaune da takarda suna rubuta abin da suka gani. Masu gidajen gem da gidajen kallon ƙwallo sun san 'yan wasan unguwarsu fiye da kowa, kuma ya fi kyau a jawo su cikin tsarin da a tsaya ana hararar su daga nesa. A ware zama na daban ga ɗalibai mata da 'yan matan sakandare a ƙarƙashin kulawar malamai mata, domin ba sa shiga gidajen gem, kuma duk gwajin da ya rasa su ya rasa babban ɓangare na masu riƙe da waya.

Damuwar iyaye da malaman addini tana da tushe, kuma bai dace jami'a ta yi kamar ba ta ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairu 2022. Wasu wasanni suna sayar da akwatin sa'a, wato mutum ya biya kuɗi bai san abin da zai fito masa ba, abin da hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana a matsayin caca a 2018, kuma duk mai ilimin fiƙihu zai ga kamanninsa da abin da shari'a ta hana. Ya kamata ƙa'idar jami'a ta fito fili cewa aikin ɗalibi ba zai ƙunshi wannan ba, ba zai ƙunshi tallar kamfanonin caca ba, kuma wasan da aka yi don yara zai riƙa tunatar da su tsawon lokacin da suka ɗauka a kansa. Haka nan sunaye da lambobin wayar masu gwaji suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta ƙasa ta 2023, don haka a nemi izininsu kafin a rubuta, a nemi na iyaye idan yara ne, kuma kada a nuna fuskar yaro a bidiyon kai tsaye.

Abin da ake roƙon majalisar malamai shi ne ta ɗora wa sashen kimiyyar kwamfuta gwada wannan tsari da rukuni ɗaya na ɗaliban ajin ƙarshe a zangon karatu mai zuwa, a yi nuni biyu da zaman gwaji ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a ajiye rahoton abin da jama'a suka faɗa da abin da aka gyara a ɗakin karatu na jami'a domin rukunin da zai biyo baya ya ɗora daga nan.