Tsinken Da Ya Zame Daga Tsintsiya: Me Ke Sa Mutum Ya Hallaka Kansa?

Akwai wata magana da ba mu son yinta a fili a ƙasar nan, wato maganar mutumin da ya hallaka kansa. In abin ya auku a unguwa sai a yi ta raɗe-raɗi, wani ya ce Shaiɗan ne ya zuga shi, wani ya ce sammu aka yi masa, wani kuma ya ce dama can kansa ba daidai yake ba. A yi jana'iza cikin gaggawa, dangi su sunkuyar da kai, bayan kwana uku kowa ya kama gabansa. To, amma ruwa ba ya tsami banza. Yau muna so mu ɗauki wannan magana mu auna ta da birnin Maiduguri, domin da wuya a sami birnin da zaman jama'arsa ya sha girgiza kamarsa tun daga shekarar 2009.

Tun da fari bari mu share wata tantama. Addinin Musulunci ya haramta wa mutum kashe kansa, hanin yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 29, haka kuma addinin Kirista bai yarda da shi ba. Ba mu zo jayayya da wannan ba. Tambayarmu ita ce, shin in an ce abu haramun ne, shi ke nan jama'a sun sauke nauyin da ke kansu? Ai sata ma haramun ce, amma duk shugaba mai hankali in ya ga ta yawaita yakan bincika ko yunwa ta shigo gari.

A shekarar 1897 wani shaihun malami mutumin Faransa, Emile Durkheim, masanin zaman jama'a, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan al'amari. Ya tattara lissafin mace-mace na ƙasashen Turai, sai ya ga abin mamaki: yawan masu hallaka kansu a kowace ƙasa kusan daidai yake zuwa shekara bayan shekara, amma ya sha bamban tsakanin wannan ƙasa da waccan. Ya ga abin ya fi yawa a cikin gwauraye bisa ga magidanta, ya fi yawa ga marasa 'ya'ya bisa ga masu iyali, kuma yakan ƙaru in kasuwa ta karye, har ma in dukiya ta zo wa mutane farat ɗaya. Daga nan ya ce ashe abin ba a zuciyar mutum ɗaya kaɗai yake ba, yana da saiwa a cikin yadda jama'a ke riƙe da junansu. Ya kasa dalilan gida huɗu: mutumin da jama'a suka sake shi, da wanda tsarin rayuwarsa ya rushe, da wanda ƙungiya ta haɗiye shi har ransa ya zama ba nasa ba, da kuma wanda aka matse shi har ya rasa ƙofar fita. Bahaushe dai ya riga ya san tushen maganar, shi ya sa ya ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Tsinken da ya zame daga maɗauri shi ne mai saurin karyewa.

Mai karatu, duba gida na farko. A shekarar 2014 Gwoza da Bama suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, a farkon 2015 kuma aka afka wa Baga. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yerwa, aka cika sansanonin Bakasi da Dalori da sauransu. Ka ɗauki magidancin da a garinsu yana da gona da rumbu, yana da majalisar da yake zama da la'asar, Bulama ya san sunansa, liman ya san gurbinsa a sahu. Yau ga shi a layin karɓar abinci da kati a hannu, ɗansa na kallonsa. Ba dukiya kaɗai ya rasa ba, ya rasa mutanen da za su lura in bai fito ba. Da gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin cikin birni a 2021, waɗansu sun koma gida, waɗansu kuwa sun watsu cikin kangaye a bayan gari, inda babu wanda ya san su.

Gida na biyu shi ne rushewar tsari, watau mutum ya wayi gari ya tarar hanyar da ya saba bi ya ci abinci ta toshe, lissafin jiya bai yi aiki yau ba. A nan ma Maiduguri ta ga abin da ta gani. A watan Yuli na 2011 aka hana hawa babur saboda tsaro, dubban 'yan acaɓa suka rasa sana'a. A watan Janairu na 2021 aka fasa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka daɗe cikin duhu. Ranar 26 ga Fabrairu, 2023, gobara ta cinye Kasuwar Monde, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, bayan wata uku kuma aka janye tallafin man fetur. Sa'an nan ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa da ita kasuwar da aka sake ginawa. Abin lura, ita wannan rana ta 10 ga Satumba ita ce duniya ta keɓe kowace shekara don rigakafin kashe kai. Ɗan kasuwar da ya ci bashi ya tashi daga gobara, ruwa ya zo ya tafi da sabon jarin, wa ya je ya tambaye shi yadda yake kwana?

Gida na uku da na huɗu kuwa a wurinmu sun haɗu cikin abu mafi muni, wato ƙunar baƙin wake. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa daga Janairu zuwa Agusta na 2017 an ɗaura wa yara 83 bam a Arewa maso Gabas, 55 daga cikinsu 'yan mata ne. Mu a ganinmu waɗannan yara ba su kashe kansu ba, kashe su aka yi, domin an raba su da iyaye da dangi, aka maye musu gurbinsu da ƙungiyar da ba ta ɗauki ransu a bakin kome ba. Haka nan matar da ta kuɓuto daga daji da goyo a bayanta, ta iso gida aka yi ta nuna ta da baki, aka ƙi sayen abin da take sayarwa, aka ƙi auren 'yarta. An fid da ita daga wani kurkuku an sa ta a wani, ga shi wannan na biyun mu ne muka gina shi da harsunanmu.

Wani zai ce, to ai mutanen Borno masu haƙuri ne da tawakkali, duk wannan masifa ba ta sa sun yanke ƙauna ba. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce a gare mu. Mafi yawan 'yan gudun hijira ba a sansani suka sauka ba, a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suka sauka, magidanci mai ɗaki uku ya karɓi mutum ashirin. Wannan zumunci, da masallaci da coci, da adashin mata da sadakar unguwa, su ne suka riƙe rayukan da ba mai iya ƙidaya su sai Allah. Shi kansa Durkheim ya lura cewa lokacin yaƙi abin yakan ragu, saboda tsoro ɗaya yakan haɗa kan jama'a. Haɗarin yana zuwa ne bayan ƙura ta lafa, sa'ad da mai masauki ya gaji, baƙo ya ji ya zama kaya, ƙungiyoyin agaji kuma suka fara naɗe tabarma, kamar yadda aka gani a 2025 da Amurka ta zabge tallafin da take bayarwa. Igiyar da ta ɗauki nauyi shekara da shekaru, in ba a duba ta ba, wata rana sai ta tsinke.

Ba kuma muna cewa babu ciwo a ciki ba. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, firgitar da ke bin wanda ya ga an yanka nasa a gabansa ita ma ciwo ce, haka shaye-shayen ƙwayoyi da ya kama samari. Duk suna da magani, kuma akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, wanda majinyata ke zuwa daga ko'ina cikin yankin. Amma wa zai kai mutum asibiti in babu wanda ya lura da shi? Kuma yaya zai faɗi abin da ke ransa alhali tun yana yaro an koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Saboda haka masu cewa wannan cutar Turawa ce su sake tunani.

To, mene ne abin yi? Na ɗaya, doka. Dokar Final Kot ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, a sashe na 231, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Ingila da ta kawo mana irin wannan tunani ta soke nata tun 1961, Gana ta soke a 2023. Mutumin da aka tsamo daga rijiya ba a kai shi gaban alƙali, wurin likita ake kai shi. Tsoron 'yan sanda shi ke sa iyali su ɓoye mai ciwo har ya sake gwadawa. Duk inda irin wannan sashe ya rage a littattafan dokokinmu, wajibi ne 'yan majalisa su share shi, su kuma ga an aiwatar da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Na biyu, a sa ido kan magungunan ƙwari masu dafi da ake sayarwa barkatai. Ƙasar Siri Lanka ta hana mafi haɗarinsu, kuma daga 1995 zuwa 2015 yawan masu hallaka kansu a can ya ragu da fiye da rabi. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa ƙuncin na ɗan lokaci ne, in mutum ya tsallake wannan sa'a sai ya rayu.

Na uku, in za a mayar da 'yan gudun hijira ko a sake tsugunar da waɗanda ruwa ya kora, kada a watsa su kamar an zubar da gero. A ajiye 'yan gari ɗaya wuri ɗaya, da Bulamansu da limaminsu da kasuwarsu, a ba magidanci gona ko jari, ba buhun shinkafa kaɗai ba. Na huɗu, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci da malaman makaranta da Lawanai alamun mai wannan damuwa. Malamanmu kuma, Allah Ya gafarta musu, in sun faɗi haramcin a kan mumbari su haɗa da faɗin haƙƙin maƙwabci, su kuma tuna wa jama'a cewa mafi rinjayen malamai sun tafi a kan ana yi wa irin wannan mamaci salla, don kada a ƙara wa iyalinsa ƙuna a kan ƙuna.

Duk jam'iyyar da ke neman ƙuri'ar talakan Borno ta sani cewa gina titi da gadar sama ba su isa ba, sai an sake ɗaure abin da ya kwance tsakanin mutane. Mu kuma talakawa namu aikin ba ya bukatar kasafin kuɗi, domin zumunci a ƙafa yake. Wanda ka daina gani a majalisa, je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kai kuma ɗan'uwa da duniya ta yi maka zafi har kana saƙa wannan abu a zuci, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Faɗa wa wanda ka amince da shi yau, ka nemi ya raka ka wurin likita.

Allah Ya yaye mana ƙunci, Ya zaunar da Yerwa da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.