Shaidar Kunnen Saniya da Amanar Mai Ita

Sa guda da aka sayar a kasuwar Maigatari da hantsi, kafin kwana uku su cika sai a same shi a mayankar Ikko ko ta Badun. A tsakani ya sha ruwa kwami ɗaya da shanun Damagaram, ya kwana a kara tare da na Haɗejiya, ya hau mota da waɗansu da bai taɓa kiwo da su ba. To, in an yanka shi an tarar huhunsa ya ruɓe, wa zai iya faɗin rugar da ya fito? Mahauci ya san falke, falke ya san dillali, dillali kuwa iyakar abin da zai ce shi ne wani Bafillace ne mai malafa. Nan magana ta ƙare, alhali ciwo yana can yana cin garken da ba wanda ya san inda ya ke. Wannan ɓaraka ba ta tosuwa sai da abu biyu, watau shaida a jikin dabba, da littafin da ke biye da ita duk inda aka kai ta.

Shaida ba baƙon abu ba ne ga masu dukiya. Tun kaka da kakanni makiyaya suna tsaga kunnen shanunsu, Buzaye suna yi wa raƙuma lalas, kowane gida da irin tasa alama. Bafillace kuwa ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwarta, ya san kakarta, ya san daminar da ta yi tari. Amma wannan sani a kansa ya ke. Ran da aka sallama ciniki saniya ta tafi, sanin ya zauna a ruga.

Tarihin ciwon bushiya ya isa wa'azi a kan wannan al'amari. Annobar ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya wajen shekarar 1887, cikin shanun da aka kawo wa sojan Italiya. Wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasashen Barno da Hausa, a wurare da yawa ta kashe tara cikin goma na shanu, masu garke suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Bayan haka ta yi ta komowa, har aka kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom cikin 1924, aka shiga yin magungunan rigakafi.

Cikin 1961 aka yi taro a Kano, aka ƙulla shawarar yaƙar ciwon gaba ɗaya. Aikin ya soma cikin 1962 a ƙasashe huɗu na kewayen Tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Ƙa'idar ita ce a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara har shekara uku, duk wadda aka yi wa kuma a huda mata kunne. Wannan ɗan huji ya yi aiki ƙwarai. Malamin dabbobi ya tsaya bakin mashaya, da duban kunne kaɗai ya san wadda ta sami allura da wadda ta kuɓuce, ko da mai ita ya ƙetaro iyaka ne daga wata ƙasa. Kafin a rufe aikin cikin 1976 ya game ƙasashe 22, bushiya ta yi sauƙi har mutane suka ɗauka ta mutu.

Ashe ba ta mutu ba. Hujin kunne ya nuna an yi allura, amma bai faɗi inda saniya ta fito ba, balle inda za ta. Da kuɗin aikin suka ƙare, gwamnatoci suka yi sakaci da yi wa maruƙan da a ke haifa kowace shekara, sai aka tara shanu masu yawa waɗanda ba su da kariya. Ciwon kuwa ya ɓuya a wajen iyakar Mali da Muritaniya, da kuma kudancin Sudan. Daga farkon shekarun 1980 ya taso ta yamma da ta gabas, cikin 1983 ya yi ɓarna mai tsanani a Nijeriya, shanu dubu ɗaruruwa suka halaka. Sai da aka sake sabon yaƙi daga 1986, aka haɗa allura da bin sawun ciwo ruga ruga. An ga na ƙarshe a Kenya cikin 2001, cikin 2011 aka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya, ita ce ta biyu bayan agana.

Bushiya ta tafi, amma ƙannenta suna nan. Akwai ciwon huhu, akwai boru mai kama baki da kofato, akwai saifa mai kama har mutum, akwai kuma annobar awaki da tumaki, wadda ƙasashen duniya suka yi alkawari a Abijan cikin 2015 za su kawar da ita kafin 2030. Ciwon huhu ya fi su makirci. Ta numfashi ya ke yaɗuwa, saniya kuwa ta kan ɗauke shi mako uku ko watanni kafin ta soma tari. Wata ta kan warke a ido, ta yi ƙiba, alhali ciwon yana ƙulle cikin huhunta, tana iya shafa wa garken da aka kai ta. Irin wannan ba mai gane ta a kasuwa, komi gwanintarsa. Dā, sa'ad da a ke kora shanun fatauci da ƙafa mako da mako, mai ciwo ta kan gaza a hanya, ko a tsare ta inda malaman dabbobi ke duba takarda. Yanzu mota ta fi ciwo saurin bayyana.

Abin da ya sami Ingila cikin 2001 ya nuna ko ƙasa mai arziki ba ta tsira in sawu ya ɓace. Cikin watan Fabrairu aka ga boru a jikin aladu a wata mayanka ta kudancin ƙasar, aka bi baya har wata gona a arewa. Kafin nan ciwon ya riga ya kama tumaki, an kai su kasuwanni, an sayar, an sake sayarwa, sun watsu ko'ina. Shanun ƙasar kowace tana da lambarta da takardarta tun kafin wannan shekara, tumaki kuwa ba a san su ɗaya ɗaya ba. Kafin a kashe wutar sai da aka karkashe dabbobi fiye da miliyan 6. Daga baya suka kafa dokar cewa gonar da ta karɓi sabuwar dabba ba za ta fitar da wata ba sai bayan kwanaki ƙididdigaggu, suka kuma sa wa tumaki lamba.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. A maƙala wa saniya 'yar roba a kunne mai lambar da ba wata saniya mai irinta. Akwai ma mai ɗauke da ɗan abu a ciki wanda na'ura ke karantawa ba sai an kayar da dabba ba. A rubuta lambar tare da sunan mai ita, da rugarsa, da allurar da aka yi mata. Duk ran da ta canja hannu, ko ta shiga kasuwa, ko ta hau mota, ko ta ƙetare iyaka, a ƙara layi ɗaya. Ran da aka sami mai ciwo a mayanka, sai a bi layin baya a sami garken da ta fito, a bi shi gaba a sami waɗanda ta cuɗanya da su. A tsare garke goma, a bar dubu su ci kasuwarsu. In babu littafi kuwa, ko dai a rufe kasuwa duka mai lafiya ya sha hukuncin mai ciwo, ko a zuba ido.

Sai dai makiyaya suna da hujjar ɗari-ɗari, kuma ba daidai ba ne a kira ta jahilci. A zamanin En'e ƙidayar shanu ita ce ƙofar jangali, kowane kai da kuɗinsa, saboda haka mutum ya kan raba garkensa ya ɓoye rabi a daji in ya ji ma'aikata suna tafe, ko da masu allura ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Har wa yau mai garke yana tsoron in ya faɗi ciwo a tsare masa shanu ko a yanka su, ya tashi hannu banza. Muddin wannan tsoro yana nan, mai saniya mai tari zai rigayi malamin dabbobi zuwa kasuwa, ya sayar da ita da araha, ciwo ya hau mota.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne a rubuta cikin doka, a kuma yi shela a kowace kasuwa, cewa littafin lafiyar dabbobi ba na masu karɓar haraji ba ne. Na biyu, lamba ta zo tare da amfanin da ido ke gani: ran da aka sa ta, ran nan a yi allura, ba tare da an tatsi talaka ba. Na uku, wanda ya kawo labarin ciwo a garkensa, aka tsare ko aka yanka masa dabba domin maslahar jama'a, a biya shi diyya da sauri, gama shi ne ya ceci maƙwabtansa. Na huɗu, a sa hannun waɗanda makiyayi ya riga ya amince da su, watau arɗo da sarkin tike da sarkin fawa da dillalai, gama su ne ke ganin kowane ciniki. Awaki da tumaki, waɗanda yawancinsu dukiyar mata ce a gidaje, in lamba ɗaya ɗaya ta yi tsada, a soma da rubuta kowane ayari, daga ina, zuwa ina, hannun wa.

Wani zai ce ɓarawo sai ya yanke kunnen ya huta. Gaskiya ne, amma in kasuwa ba ta karɓar saniya mai yankakken kunne sai da shaidar arɗo, to, kayan sata sun rasa mai saye a fili. Wannan riba ce ta biyu, ga mutanen da satar shanu ta tagayyara ba ƙarama ba ce.

Saura maganar iyaka. Cikin 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tsara takardar da makiyayi zai riƙa in zai ƙetara wata ƙasa, mai nuna yawan dabbobinsa, da allurarsu, da hanyar da zai bi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar cikin 2025, amma shanu ba su fasa gangarowa kudu da rani suna komawa arewa da damina ba. Wajibi ne likitocin dabbobin Maraɗi da na Katsina, na Difa da na Maiduguri, su riƙa karanta lambar juna, kamar yadda iyayensu suka karanta hujin kunne cikin 1962, komi ya ke tsakanin masu mulki.

Nijeriya ta kafa ma'aikatar kiwo mai zaman kanta cikin 2024. Abin da za a auna ta da shi ba yawan robar da ta saya ba ne. A auna ta da maraƙin da za a haifa shekara goma nan gaba, ko zai sami lambarsa da allurarsa bayan taro ya watse, da kuma makiyayin da saniyarsa ta soma tari, ko zai nufi malamin dabbobi da kansa ko zai bi dare ya nufi kasuwa. Allah ya tsare dukiyar talakawa, ya ba shugabanni ikon riƙon amana.