Tanbihi ga Malamai da Almajirai a kan Ayyukan da Ake Cewa na Jama'ar Ƙauye Ne

 Ya ku 'yan'uwa malamai, da ku almajirai masu karatu, wannan takarda tanbihi ce a kan wata mas'ala da ta shigo ƙauyuka, watau ayyukan rage talauci waɗanda ake cewa jama'a ne ke jan ragamarsu. Dalilin rubuta ta, ana kiranku ku buɗe taro da addu'a, ku sa hannu a takarda a matsayin shaidu, sa'an nan a sallame ku da goro, alhali ba ku san nawa aka kawo ba, ba ku san nawa aka ɓatar ba. Shaida a kan abin da mutum bai gani ba kuwa, kun fi ni sanin hukuncinta.

Ku sani, aikin ƙauye ba ya zama na mutanen ƙauye sai abu uku sun taru a hannunsu: zaɓen aikin, da jakar kuɗin, da lissafin da kowa zai ji da kunnensa. Waɗannan kamar duwatsun murhu suke, in an zare ɗaya tukunya ta kife. Duk aikin da ya rasa su, ko da an rubuta sunan jama'a a allonsa da manyan baƙaƙe, gayya ce aka kira su a gonar wani.

Fasali na farko, a kan masu tsara wa talaka rayuwarsa daga ofis.

Hujjata a kansu ita ce Bakolori. An gina wannan madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aka gama ta a 1978, da niyyar noman rani mai yawa. Niyya kyakkyawa ce, amma ba a tambayi masu ƙasa ba. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka ta da dubban mutane. Waɗanda gonakinsu ke cikin filin ban ruwa aka hana su shuka ana daidaita ƙasa, suka yi ta jiran diyya. Waɗanda ke can gangaren kogi kuma, ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, sai a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa aka kashe. To, ina amfanin aikin da aka ce don talaka aka yi, sa'an nan ya ƙare da jana'izar talakan? Da an zauna da su tun farko, tsohon da ya shekara hamsin yana noman fadamar nan da ya faɗi abin da taswira ba ta nuna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Fasali na biyu, a kan gyaran da aka yi, da inda ya tsaya.

Masu ba da kuɗi sun ji jiki, sun sake dabara. Shirin Fadama na farko, a shekarun 1990, ya ba manoma ƙananan rijiyoyi da injunan ban ruwa, amma ya manta da cewa fadama ba ta manomi kaɗai ba ce: makiyayi na shayar da shanu a cikinta, masunci na jefa koma, mata na tsinkar abin miya. Da lambuna suka toshe mashaya da burtali, rigima ta ƙaru. Saboda haka Fadama ta biyu, wadda ta fara a 2004 da rancen dala miliyan 100 daga Bankin Duniya, a jihohi 12 in an haɗa da Abuja, cikinsu har da Kaduna da Kebbi da Bauci da Gombe, ta ce kowace sana'a ta kafa ƙungiyarta, ƙungiyoyin su haɗu su rubuta tsarin abin da suke so da kansu. Wannan gyara ne na gaskiya, ba na musunsa. Masu binciken da suka auna shi sun sami cewa samun waɗanda suka shiga ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100.

Amma ku dubi abin da ke ƙarƙashin wannan adadi. An shar'anta cewa mai son injin ban ruwa ko injin niƙa sai ya biya kashi 30 na kuɗinsa. Wa ke da kashi 30 a hannu? Mai ɗan hali. Shi ya sa binciken nan ya nuna ƙaruwar samu ta fi bayyana ga na tsakiya, su kuwa na can ƙasa ba ta fito fili ba a wannan lokaci. Ashe ke nan an buɗe ƙofa, amma an ɗaga dokin ƙofar har gurgu ba ya iya tsallakewa. Ban ce a daina karɓar gudummawa ba, domin abin da mutum bai zuba guminsa ba ba ya tsaronsa. Cewa na yi a karɓa gwargwadon hali: mai kuɗi ya ba da kuɗi, marar kuɗi ya kawo yashi, ko dutse, ko kwanakin aiki, ko a jira shi zuwa kaka.

Fasali na uku, a kan masu zaton kiran taro shi ne shawara.

Waɗannan su ne na fi jin tsoro yau, domin bakinsu da daɗi. Ku da kanku kun san yadda taron ƙauye yake. Dagaci na kan buzu, attajiri na damansa, ɗan siyasa na hagunsa. Talakan da ya ci bashin hatsin attajiri da bazara yana can baya, ta yaya zai ɗaga murya ya saɓa masa? Matan da ke ɗebo ruwa tun asuba suna cikin gida, makiyayi yana ruga ba wanda ya aika masa. Sai a ce, jama'a, kun yarda? A ce mun yarda. A rubuta cewa jama'a sun zaɓi rumfunan kasuwa, alhali abin da ke kashe 'ya'yansu ruwan kududdufi ne. Rijiya in an haƙa, sai ka gan ta a ƙofar gidan mai faɗa a ji.

Kada ku ce zato ne kawai. A ƙasar Indunusiya, wadda ta fara irin wannan shiri tun 1998, wani masani Ba'amurke mai suna Benjamin Olken ya gwada abin a ƙauyuka 608 masu gina hanyoyi da kuɗin shirin. Bayan an gama, ya sa injiniyoyi suka tona hanyoyin, suka auna dutse da yashin da aka zuba, aka gwama da abin da aka rubuta a littafin kuɗi. Inda aka bar abin yadda aka saba, wajen kashi 28 cikin 100 na kuɗin ba a ga inda ya shiga ba. Inda aka gaya wa shugabanni tun farko cewa lalle mai binciken kuɗi zai zo, kuma za a karanta sakamakonsa a gaban jama'a, ɓatan ya sauko zuwa wajen kashi 19. Inda kuwa aka ƙara raba takardun gayyata kawai don taro ya cika, taron ya cika, amma ɓatan bai ragu da wani abin kirki ba, sai ɗan abin da ya shafi ladan leburori, domin wannan kowa ya san nawa ya shiga aljihunsa. An buga wannan bincike a 2007. Ma'anarsa a fili take: cikar taro ba ta tsorata ɓarawo, abin da ke tsorata shi a ƙirga buhunan siminti a gaban idonsa.

In ka ce, ai ƙauyawa jahilai ne, ba su iya riƙon kuɗi ba, sai in ce maka tafi Maraɗi. A can ne a 1991 ƙungiyar CARE ta fara abin da ake kira Mata Masu Dubara, bisa tushen adashin da mata suka sani tun kakanni. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, su ranta wa junansu, su raba riba in zagaye ya cika. Kuɗin nasu ne, ba wanda ya kawo musu daga waje. Ana ƙirga shi a tsakiyar tabarma da ƙarfin murya, ana kulle shi a akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku dabam dabam. Mafi yawansu ba su yi boko ba, amma wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa a Afirka da wajenta.

Ga kuma sassabin zamani, shi ma a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Shekara da shekaru ana dasa itatuwa da kuɗin waje suna mutuwa, domin doka ta mai da itace na hukuma, manomi in ya sare reshe a gonarsa sai malamin daji ya ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Daga 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoma su bar tohon kututturen da ke gonakinsu, su rage shi, su bar masu ƙarfi su tashi. Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya yi ta yaɗuwa daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo da kalgo da sauransu. Mutanen nan ba su sake ba, mallaka ce ta sake hannu.

In ka ce, ashe a kori injiniya da ma'aikaci? Sai in ce a'a. Zurfin rijiya da kaurin gada ilmi ne, ba a yanke su da ɗaga hannu. Amma matsayin injiniya matsayin magini ne: shi ya san yadda bango zai tsaya, mai gida ke faɗin inda ƙofa za ta duba. In ka ce kuma ana rage wa sarakuna girma, sai in ce girman uban ƙasa ya zama alƙali a kan ma'aji. In ya zama shi ne ma'ajin, wa za a kai wa ƙara?

Saboda haka ga sharuɗɗan da nake kira ku nema kafin ku sa hannu a kowace takarda. Na farko, a faɗi adadin kuɗin da aka ware wa gari tun ranar farko, a bainar jama'a. Na biyu, mata su yi zamansu dabam, makiyaya da matasa haka nan, a kawo abin da kowane ɓangare ya zaɓa, kuma zaɓen ƙarshe ya zama a asirce, ko da da tsakuwa a cikin ƙwarya ne, don mai bashi ya tsira daga idon mai binsa. Na uku, kuɗi ya shiga asusun gari, ba ya fita sai da hannun mutum uku da jama'a suka zaɓa, ba 'yan gida ɗaya ba. Na huɗu, a sake shi kashi kashi, ba a ba da na biyu sai an karanta lissafin na farko. Na biyar, mai bincike daga waje ya zo, ya auna aikin da idonsa, ya karanta abin da ya gani a dandali. Na shida, tun kafin a haƙa a san wa zai gyara in ya lalace, a koya wa yaran gari gyaran, a yanke abin da kowane gida zai riƙa zubawa. Famfunan da suka mutu suka zama turken awaki a ƙauyuka sun isa wa'azi.

Ya ku malamai, rabonku a cikin wannan babba ne. Wanda ya iya raba gado tsakanin mata huɗu da 'ya'ya ashirin bai bar ko anini ba, lissafin siminti da rodi ba zai gagare shi ba. Ku karɓi takardar kuɗin, ku juya ta zuwa ajami, ku kafa ta a bakin kasuwa inda mai tallan goro zai iya karantawa. Ku almajirai kuma, ku je ku ƙirga buhunan da aka sauke daga mota, ku rubuta a allo, ku kawo ranar taro. In an hana ku ganin lissafi, ku janye hannunku, ku faɗa wa jama'a dalili. Za a ce kun cika tsanani, za a daina aiko muku da goro. Ku haƙura da goron, domin kuɗin nan mafi yawansa rance ne da aka ci da sunan talakawa, 'ya'yansu da jikokinsu ne za su biya.

Wannan shi ne abin da na ga ya wajaba in faɗa. Wanda takardar nan ta isa hannunsa ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma miƙa ta gaba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya kare raunana daga masu cin haƙƙinsu. Haza wassalam.