Burodi Mai Kyan Ɗan Maciji

Jama'a, yau zancenmu a teburin mai shayi yake. Ka ga burodi ya kumbura, ciki fari fat, ka matsa shi ya shige tafin hannu kamar auduga? To, a yi hattara. Wasu masu gidajen burodi kan zuba wani sinadari da ake kira buromet a kwaɓin fulawa domin ya tashi, riba ta ƙaru. Masana sun gwada shi a kan ɓeraye, ya haddasa musu ciwon daji a ƙoda. Ingila ta haramta shi tun 1990, Indiya a 2016, nan gida ma hukumar NAFDAC ta hana. Saura mu masu saye: a duba lambar hukumar a jikin leda kafin a miƙa kuɗi. Rigakafi ya fi magani.